Hankakan da Ya Riƙe Muryar Maigidana

Har yau ana yi mini musu cewa hankaka ba ya magana, sai dai aku. Duk mai musu ya ci gaba da musunsa. Ni na zauna da wanda ya yi, a tsakar gidana a Gwangwan.

Maigidana ne ya kawo shi cikin hularsa, lokacin shukar gyaɗa. Daga sheƙa ya faɗo a gindin ɗorawar gonarmu, gashinsa bai gama fitowa ba. Na raine shi da ɓarɓashin tuwo da fara har ya soma tashi, amma bai taɓa nisa da gidan ba.

Tun ina gidanmu a ƙauyen Turawa littattafan soyayya suka cika mini kai. Na zo gidan miji ina jiran ranar da za a kira ni "hasken idona", sai na tarar da mutumin da in ya dawo daga gona zai yar da fartanyarsa, ƙarfen ya bugi dutsen niƙa, ya yi gyaran murya ya ce, "Kina ciki?" Iyakar soyayyarsa ta baki ke nan. Sai na ce tunda shi ba zai faɗa ba, tsuntsun zai faɗa. Ina tankaɗe ina maimaita masa kalmar, yana kallona da ido ɗaya, yana sace mini cokali.

"Ki daina wahalar da bawan Allah," in ji maigidana yana dariya. "Ni mai haƙora ma ban iya ba."

Hankakan bai taɓa cewa komai ba har zazzaɓi ya ɗauke mini maigidana bayan kaka.

Ina cikin takaba, wata rana da la'asar akuya ta ture fartanyar nan ta faɗa kan dutsen. Sai na ji gyaran murya daga kan rumbu, na ji an ce, "Kina ciki?" Muryarsa ce, har da 'yar dishewar. Na amsa da "Ina ciki" kafin na tuna. Daga ranar na riƙa yar da fartanyar da kaina.

Abin da ban lissafa ba shi ne dangar gidanmu ta kara ce. Maƙwabta suka ji muryar namiji a gidan mai takaba, suka ji ina amsawa da taushin murya. Magana ta zaga rijiya da wurin niƙa, har ta isa kunnen yayan mijina, mutumin da ban taɓa ɗaga ido na kalla ba tun da aka kawo ni gidan. Ya zo da hantsi, Inna mahaifiyarsu na biye da shi.

"Ke, ana jin muryar namiji a nan," ya ce.

"Ana ji, Yaya."

"Ta wa?"

"Ta ƙaninka." Na nuna masa kan rumbu.

Ya dubi tsuntsun ya yi tsaki. "Hankaka ba ya magana. In kuwa ya yi, iska ce ta shige shi. Ko wanne ne, yau wuƙa za ta raba gardama. Kamo shi."

"Ba zan kamo ba."

"'Yar nan," in ji Inna, "yayan mijinki kike mayar wa magana?"

"Inna, an raba rigunansa, an raba gonarsa, ban ce uffan ba. Wannan ba ya cikin gado. Ni na ba shi abinci a baki."

Na ɗauki fartanyar na sake ta kan dutsen. Hankakan ya ci gaba da gyaran fiffikensa kamar ba da shi ake ba.

"To, malamin naki yau ya yi azumin magana," in ji Yaya.

Na sake ɗauka na yar. Sai hankakan ya miƙe wuya, ya yi gyaran murya, ya ce, "Kina ciki?"

Inna ta nemi turmi ta zauna.

"Har gyaran muryar," ta ce a hankali. "Haka yake yi tun yana yaro."

"Inna, wannan ba abin ajiyewa a gida ba ne," in ji Yaya.

"Ka taɓa shi, ban yafe ba."

Yaya ya karkaɗe rigarsa ya fita ko sallama babu.

Tsegumin bai mutu ba. Wasu suka ce aljani nake kiwo, wasu suka ce da gaske namijin ne, tsuntsun rufa-rufa ne. Ban bi kowa gida na yi rantsuwa ba. Da na fita takaba na koma Turawa da akwatina da fartanyar, hankakan a cikin kwando. Dutsen ne bai ɗauku ba, sai na samo wani.

"Hasken idona" dai bai taɓa faɗa ba. Na kuma daina koya masa.