Ni Na Gwada Bindigar Yayana

Bara, lokacin da albasa ta fara yin kai, aka sace injin ban ruwan yayana daga garkarsa. Ya zo da safe ya tarar da tiyo a yashe bakin rijiya, babu inji. Bai kai ƙara ba, bai yi cigiya ba. Ya dai sa a ransa cewa maƙwabcinmu na garka ne ya ɗauka, wani dattijo mai yawan tari wanda iyakarsa ke haɗe da tamu tun mahaifinmu na da rai. Hujjarsa guda ce: sawun takalmi ya bi ta gefen dattijon. To, ta nan kowa ke bi, don ita ce hanyar fita gudoro, wato titin kwalta. Na gaya masa haka, ya ce in rufe masa baki.

Ba a jima ba ya ce zai tafi taron mahalba da ake yi gaba da Bangi, inda maƙera ke baje bindigogi. Matarsa ta kira ni bayan rumbu, tana riƙe da taɓarya.

“Mijina ƙarami, taho nan,” ta ce. Haka take tsokanata, amma ranar ba ta yi dariya ba. “Ka raka shi. Kai Allah ya ba ka tsoro mai yawa, ka ɗiba ka zuba mishi kaɗan. Ni dai kar in ga ƙarhen nan cikin gidan ga. Ka san wa yake nuhi da shi.”

Na ce na sani. Na ce in sha Allahu za mu dawo hannu wofi. Ina juya baya na fara tuhumar kaina: alkawari ne na yi, ko fata? Ni mutum ne da kan sake alwala don ban tabbata na shafi kunne ba. Nakan koma daga hanya in taɓa kwaɗon ƙofa. Lakwal, wato makarantar boko, a aji shida na tsaya, amma yayana “Mushe” yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal, wai don yawan tambayoyina.

Muka hau moto, wato babur, da hantsi, shi a gaba ni a baya. Duk abin da na tanada na faɗa masa a hanya. Na ce jandarma na tare mutane. Na ce akwai yara a gida. Iska ta kwashe rabi, sauran ya amsa da “Uhm.”

Ban taɓa zuwa irin wannan wuri ba. Bayan kasuwar dabbobi ne, ƙarƙashin itatuwan gawo. An shimfiɗa tabarmi, an jera bindigogi a kai kamar yadda ake jera rake. Akwai dogaye masu bakin ƙarfe siriri, akwai gajeru, wasu an naɗe musu gindi da jan fata, wasu an kafa musu ƙusoshin tagulla don ado. Warin albarushi ya cika wurin, kamar ƙwai ya lalace. Mahalba na yawo da rigunan layu, karnukansu na ɗaure suna haki, wani makaɗi na bin duk wanda ya yi halbi mai kyau. In an halba, sai in zabura, sai mutane su dube ni.

Kowace yayana ya ɗaga, sai in nemo mata aibi. Wannan ta yi nauyi. Waccan gindinta ya tsage.

“Mushe,” ya ce, “in cikinka ka murɗawa, tahi wurin masu hura ka zamna, in na gama in kira ka.”

Muka tsaya gaban wani tsohon maƙeri wanda babban yatsansa na hagu ya gutsure. Bai yi tallar komai ba. Ya bar yayana ya juya wata doguwa, ya leƙa bakinta, ya shafa gindinta.

“Mi za ka halba, samari? Zomo ko zabo?”

“Wani abu ka shigo min garka.”

“Mai ƙahwa nawa?”

Waɗanda ke wurin suka kwashe da dariya. Yayana bai yi ba. Ni kaɗai na san amsar, kuma na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Da na ce uffan a lokacin, ina jin tsohon zai karɓe bindigarsa ya mayar kan tabarma. Amma ƙane ba ya tona wansa a bainar jama'a, ko kuwa haka na gaya wa kaina.

Yayana ya ce a ɗura ya gwada. Maƙerin ya girgiza kai.

“Nan ba haka muke yi ba. Mai saye idonai ya riga ya ruhe, komi ya gani kyau zai ce. Ɗan rakiya ka gwadawa, shi hwaɗi gaskiya gaban mutane. In ya ce ta yi, ka ɗauka. In ya ce ba ta yi ba, ko ka roƙe ni ba ni saida maka.” Ya nuna ni da guntun yatsan. “Wanga ba tare kuke ba?”

“Wanga?” in ji yayana. “Ko kaza bai iya yankawa sai ya nemi gahwararta.”

Aka sake dariya. Maƙerin ya ɗura bindigar, ya sa aka ɗora wata tsohuwar tukunya a kan suri can nesa, ya miƙo mini.

Na ga hanya ta buɗe. In karkata bakin kaɗan, in kuskure, in ce ba ta tafiya daidai, shi ke nan mu koma gida. Sai wani tunani ya taso: wannan bawan Allah da wannan sana'a yake ci da iyalinsa, in ɓata masa aiki da ƙarya a gaban masu saye? Ina cikin auna wannan da wancan, gindin bindigar ya zauna a kafaɗata. Itacen ya yi santsi, ya yi ɗumi da rana. Ban yi zaton zan so ta ba, amma na so ta.

“Manna ta da kyau,” in ji maƙerin a kunnena. “Riƙe numfashi. Kar ka fizgi kunama, lallaɓa ta.”

Tukunyar ta tarwatse. Hayaƙi ya rufe ni, kafaɗata ta yi zafi, wurin ya ɗauki sowa. Makaɗin ya rugo ya tsaya a gabana yana zuba mini kiɗa. Tunda aka haife ni ba a taɓa yi mini kiɗa ba. Wani mahalbi ya kama hannuna ya ɗaga sama. Yayana ma ya buɗe baki yana kallona kamar bai san ni ba.

“To, ɗan rakiya, mi ka gani?” in ji maƙerin.

“Wallahi ba ta da aibi,” na ce. “Inda ido ya duba, nan take zuwa.”

Ba wanda ya nemi in rantse. Ba wanda ya nemi ƙarin da na yi. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa. Ina so in ce tsoron ƙarya ne ya hana ni kuskurewa, amma na san lokacin da na lallaɓa kunamar, so nake in samu.

Yayana ya biya, aka naɗe ta cikin tabarma. Ni na rungumo ta a kan cinyata har gida, muka bi ta burtali don kauce wa shingen jandarma. Matar yayana ta dubi tabarmar, ta dube ni. Ta kawo mana ruwa, ta durƙusa ta ba shi, ta ba ni.

“Sannu da rakiya,” ta ce. Tun ranar ba ta sake tsokanata ba.

Yayana ya ari wani inji, ya koma kwana a bukkar garka da bindigar kusa da shi. Dattijon kuwa al'adarsa ce ya yi sammako, tun gari bai gama wayewa ba, ya bi bakin iyaka yana buɗe wa albasarsa ruwa. In na rufe ido sai in ga tukunyar nan. Na yi wa yayana magana, ya ce ai ni na ce ba ta da aibi.

Wata rana bayan la'asar na sami dattijon yana cire ciyawa. Muka gaisa, na tsuguna.

“Baba, da ka bar sammako bakin iyakar ga.”

“Don mi, ɗana?”

“Yaya ya sayi bindiga.”

“Madalla!” ya ce, yana tari. “Ɓarayi sun ishe mu. Ka ce mishi shi riƙa leƙa min tawa garkar. Ni da na ji, ai barci zan ƙara.”

Ya ci gaba da cire ciyawar, sannan hannunsa ya rage sauri, ya ɗago ya dube ni.

“Ko ni a ɓarawon?”

Ya daɗe yana kallona. Ya kakkaɓe ƙasar hannunsa a gwiwa.

“Rijiyar da yake sha, ni da ubanku munka gina ta,” ya ce. “Tashi ka tahi. Na gode.”

Ashe bai san ana zarginsa ba. Ni na kai masa.

Har yau ba a sake halba bindigar ba, injin ma ba a gan shi ba. Dattijon ya sari ƙaya ya shinge iyakar da ba ta taɓa sanin shinge ba. Layukan albasarsa na wannan gefen suka bushe, don ya daina zuwa kusa. In na fito da safe nakan hange shi a bakin gudoro, zaune kan dutse da fartanya a cinya. Yakan jira sai rana ta fito sosai, mutane sun fara wucewa, sannan ya tashi ya shiga garkarsa.