Wuƙar Aljihun Baba

Jiya a unguwar Rusaifa na miƙa wa wani dattijo mai sayen tsofaffin kaya wuƙar aljihun marigayi Babana. Za mu tashi daga gidanmu na unguwar Hindawiyya, muna rage kaya.

Ya goge mariƙin, ya karanta rubutun da ya dushe.

"Ta talla ce, ɗana. Wani kamfanin jiragen ruwa ya raba wa 'yan dakonsa a Jidda. Mahaifinka dako ya yi?"

"A'a, ya Ammi," na ce, wato baffa da Larabci. "Ce mana ya yi shi akawu ne."

Ya saya.

Sai a mota na tuna kantar da ke kafaɗun Baba. Ban taɓa tambayarsa ba.

Ku fa, wace wahala iyayenku suka ɓoye muku?