Ƙafar Ishaku

Muna yara a Kwoi, in an haƙe citta, bayan cin tuwo sai mu kewaye murhu muna tsaga ta da ƙananan wuƙaƙe. Kaka, mahaifiyar Mama, ita ke ba da labari. Yayana Ishaku yakan zauna gefenta, ƙafarsa ta dama a miƙe, don ba ta lanƙwasuwa.

Yawancin labaranta na dariya ne. Amma akwai guda da take maimaitawa kowace shekara.

"Ga ta nan tafe, ba ta da daɗi."

"Ta zo haka nan, Kaka."

Ba ta faɗin suna, amma har ƙaramin cikinmu ya san Kawu Bulus take nufi, ɗanta na fari.

An yi wata mata, in ji ta, ta haifi ɗa mai gudu. Ya fara ƙwallo ba takalmi a bayan tashar jirgin Kafanchan, har manya suka ɗauke shi zuwa birni, ana kiran sunansa a rediyo. Wata rana gwiwarsa ta kumbura. Suka yi masa allurar kashe zafi, ya buga. Suka ƙara, ya buga, har gwiwar ta mutu. Sai ya zama koci, duk ƙungiyar da ya riƙe sai ta ci.

"Sai ya dawo gida neman ɗan ƙanwarsa, wai zai mai da shi mutum. Uwar ta ce, ɗana, jikan nan amana ne. Ya ce, haba Mama, ni da na san ciwon?"

Ya tafi da yaron, ya sa shi a ƙungiyarsa. Ana gobe wasan ƙarshe gwiwar yaron ta kumbura. Wanda ya san ciwon, shi ya riƙe ƙafar aka yi allurar. Yaron ya ci ƙwallo, aka ɗauki kofi, shi kuma aka ɗauke shi a kafaɗa, ba don murna ba.

"Ya kawo mata kofin har ƙofar gida, da makaɗa, da fasto. Ta ce, ajiye kofin ƙasa ya taka mu gani. Ta rufe ƙofarta. Nan labarin ya tsaya, bai ƙare ba."

Wata shekara Mama ta ce, "Mama, ya isa haka. Ɗanki ne fa."

Kaka ta nuna Ishaku. "Wannan kuma ɗan wa?"

Sunan Kawu ya ci gaba da tashi. A kasuwa ana ce mana 'yan gidan koci. Ba wanda ya taɓa tambayar Ishaku ya jiki.

Da Kaka ta kwanta ciwon ajali, Kawu ya zo, kansa duk furfura. Ta aiko cewa ba ita ke da ƙofar ba, ya tambayi Ishaku. Kawu ya daɗe tsaye, ya kasa tambayarsa. Ishaku ne ya ce, "Kawu, kama ni in tashi, mu shiga." Suka shiga suna ɗingishi. Sun tarar bakinta ya riga ya rufe. Ta dube su kawai.

Da can ina ganin taurin zuciya ne. Sai da na ga jikokina na gane. Gari duka ya zaɓi kofi, ita kaɗai ta zaɓi yaron, kuma da ɗan cikinta ta biya. Ko ta yafe masa, Ubangiji ne ya sani. Kawu ya tambaye ni a bakin kabari, na ce ban sani ba.