Baƙuwar lambar da ta kusa raba Mma da ƙanenta

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da shekarar da Mma, mahaifiyarmu, ta yi shirin tafiya aikin hajji ba. Kowa a dangi tafiyar yake tunawa, ni kuwa wayar gidanmu nake tunawa, domin saura ƙiris ta sa tsohuwar nan ta hau jirgi da ƙullin baƙin ciki a zuciyarta.

Gidanmu na Lamashegu yana cikin gidajen da suka riga kowa samun wayar girke a unguwar, tun mahaifinmu yana da rai. Lambar nan babu wanda bai haddace ta ba a dangi, daga Tamale har Kumasi. Mma kuwa ba ta yarda da wayar hannu ba. Ta ce ƙarama ce, kunnenta ba ya kama maganar, kuma ba za ta riƙa shafa gilashi kamar mai duba ba. Ita dai a bar mata kujerarta a falo da wayarta mai igiya. Matsalar ita ce layin ya tsufa. Da an yi ruwan sama sai ya mutu, in ya dawo kuma ya dawo da ƙara kamar ana suyar ƙosai. Sai ƙanena da ke aiki a Accra ya zo hutu da wani ɗan akwati mai fitilu, ya ce daga yau wayar za ta riƙa bi ta intanet, lamba kuma tana nan ba ta canza ba. Ya kira gidan daga wayarsa, ta yi ƙara, muka yi ta shi masa albarka. Babu wanda ya yi tunanin a gwada kira daga gidan zuwa waje a ga abin da ke fitowa.

To, al'adarmu ce duk wanda zai tafi Makka sai ya bi 'yan'uwa da maƙwabta ya yi sallama, ya nemi gafarar kowa. Ba a aika wani, kuma ba a tsallake kowa. Na cikin gari mun zagaya su a yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, daga Gumbihini har Gurugu, Mma tana sauka tana hawa tana ƙorafin gwiwa. Na nesa kuma sai ta zauna a kujerarta bayan la'asar tana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ɗauka, aka yi koke-koke, aka yafi juna. Mutum ɗaya ne ya rage, kuma shi ne mai nauyin.

Kawu ƙanen Mma ne uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi, yana zaune a Kumasi yana sana'ar goro. Shekarun baya ya aurar da 'yarsa ta fari bai nemi shawararta ba, sai goron gayyata aka kawo mata kamar kowace baƙuwa. Alhali gwaggo ita ce mai amarya, ita ke tsayawa a kan wanka da lalle, ita ke miƙa ta ɗakin miji. Mma ta ji ciwon abin ƙwarai, ta ƙi zuwa bikin. Shi ma ya ji haushin rashin zuwanta. Tun daga nan ba faɗa ba zagi, amma gaisuwa sai ta bakin 'ya'ya. Kuma su biyun nan taurin kai a nono suka sha shi.

Ranar da ta yanke shawarar kiran sa, sai da ta sake alwala ta gyara mayafi, kamar zai gan ta. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta ce wataƙila yana masallaci. Washegari ta sake, haka. Aka yi ta tafiya a haka, har wata rana ta buga, ko ringin bai yi ba ta katse. Ta ajiye kan wayar a hankali ta ce, “Ya ga lambar gidan nan. Tun yana saurayi ya san ta.”

Na ce, “Mma, bari in kira shi da tawa mana.”

Ta harare ni. “Ke ce za ki Makka? Neman gafara ba a yi masa ɗan aike. Na yi nawa, in ya ƙi, shi da Allah. Kuma ban yarda ki kira shi ba, ko ke ko ƙanenki.”

Da baki ta ce shi da Allah, amma ni da nake kwana gida ɗaya da ita na san abin ya ci ta. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Matan unguwa suna shigowa da addu'o'insu da saƙonninsu, tana yi musu murmushin dole. Wata safiya tana ninke fararen kayanta ta ce da ni, ba tare da ta ɗago kai ba, “In na je ban dawo ba, ki gaya masa ni na yafe.” Wallahi sai da na shiga madafa na yi kuka. Na kuma tsani Kawu a lokacin, tsana ta gaske. Na yi ta tsara maganganun da zan faɗa masa ranar da muka haɗu, waɗanda alhamdu lillahi ban taɓa furta su ba.

Tafiya ta matso, har an fara kiran maniyyata su shirya kaya. Ranar nan ina kasuwa ina sayen 'yan abubuwan da suka rage, sai wayata ta yi ƙara. Na duba na ga wata doguwar lamba mai kama da ta ƙasar waje, ba kai ba gindi. Na ce a raina, 'yan sakawa ke nan, 'yan damfara, masu cewa sun turo maka kuɗi bisa kuskure. Na katse. Aka sake kira, na sake katsewa, har da tsaki.

Ina shiga gida na tarar da Mma a kujerarta fuska a ɗaure. “To, ke ma kin bi sahun kawunki ko? Ina kira kina kashewa. Man zafi kawai nake so ki ƙaro mini.”

Na ce, “Mma, yaushe kika kira ni?”

Kafin ta amsa na tuna da doguwar lambar nan da na katse a kasuwa. Ni da ita gida ɗaya muke, shi ya sa tunda aka kawo akwatin nan ba ta taɓa kiran wayata ba sai ranar. Na ajiye kaya, na ɗauki wayar gidan na buga lambata, na miƙa mata tawa na ce ta duba. Ta sa tabarau, ta kawo gilashin kusa da hanci, ta bi lambobin nan da yatsa.

“Wannan ta wace ce?”

“Taki ce, Mma. Abin da duk wanda kika kira yake gani ke nan.”

“Wannan ba lambar gidana ba ce,” in ji ta, kamar wadda aka yi wa ƙazafi. Sannan ta ce, “Kira shi. Amma kada ki ce komai ban da ya ɗauki waya. Sauran maganar tawa ce.”

Bugu ɗaya Kawu ya ɗauka. Bayan gaisuwa na tambaye shi ko yana ganin wata doguwar lamba. Ya ce, “Kai, ɓarayin nan sun dame ni paa! Kullum bayan la'asar. Ai na toshe su.” Na ce, “Kawu, ba ɓarayi ba ne. Yayarka ce.”

Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, “Kowa yana gaya mini Yaya ta kira shi ta nemi gafara. Ni kaɗai ta tsallake. Na ce shi ke nan, za ta je ɗakin Allah ta kai ƙarata.” Ashe shi ma yana can ya daina cin abincin kirki, kunya kuma ta hana shi fara kira.

Bai tsaya neman yadda ake buɗe lambar ba, ya kira gidan da kansa. Mma ta bari ta yi ringi har na fara jin tsoro, sannan ta ɗauka. Abin da na ji ta fara cewa shi ne, “Ni ce ɓarauniyar.” Daga nan na fita tsakar gida na ja musu ƙofa, don maganar ba tawa ba ce. Na zauna a kan turmi ina dariya hawaye na zuba, sai na ji kamar an sauke mini buhun masara daga kai.

Kawu ya hau mota ya zo Tamale, shi da 'yar tasa da jaririnta. A gaban mutane ya durƙusa, dattijo da furfurarsa, ya ce shi ne mai laifi. Mma ta ce ya tashi kafin gwiwarsa ta riƙe a rasa mai ɗaga shi. Shi ya riƙe mata jaka har inda ake tsayar da 'yan rakiya. Ƙanena kuma ya sha faɗa ta waya, ya yi ta bin kamfanin har suka gyara, lambarmu ta dawo tana fitowa kamar da.

Sauran dangi da na tambaya daga baya, kowa ya ce ai ya ga baƙuwar lamba, ya dai ɗauka, da ya ji muryar Mma kuma sai ya manta da zancen. Kawu kaɗai ne ya bi gargaɗin da kullum muke yi wa tsofaffinmu, na kada su ɗauki baƙuwar lamba.

Mma ta je ta dawo lafiya, Kawu ne bai kai hajjin da ya biyo baya ba, Allah ya yi masa rasuwa. Duk lokacin da na tuna haka sai in gode wa Allah da man zafin nan. Tun daga lokacin, in na nemi ɗan'uwa ya yi shiru, ba na yanke masa hukunci sai na tabbatar ya san ni ce nake ƙwanƙwasa ƙofar.