Hoton da Malama Mardiyya Ba Ta Ba Ni Izini Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Allah ya karɓi ran Malama Mardiyya Zarami a Haɗejiya, bayan gajeriyar jinya. Shekara tara muna koyarwa tare a firamare ɗaya.

Malama, tun ranar ake matsa mini in fitar da hotonki, don an san ina da guda. Ga dalilin da ya sa na ƙi.

Da wayarki mai tsagaggen gilashi kika koya wa yara zaman duniyar intanet. Kin ce kada su tura labari sai sun san wanda ya faɗa, kada su rubuta wa mutum abin da ba za su iya faɗa masa ido da ido ba. Hoton mutum kuwa, kin ce ɗakinsa ne, ba a shiga sai da sallama. Iyaye suka sha fama. Wani uba ya zo ƙara wai 'yarsa ta hana shi tura saƙo, ya koma gida yana dariya.

Ni ma ban tsira ba. Daminar da ruwa ya cinye hanyar makaranta, kin sauko daga kwalekwale, santsi ya kwashe ki, kika zauna daram cikin taɓo kina ƙyalƙyala dariya. Na yi wuf na ɗauki hotonki. Sai 'Yar'azumi, 'yar aji huɗu, ta tsaya gabana.

"Malama Saude, kin yi sallama?"

Kunya ta rufe ni. Na roƙe ki izinin nuna wa mutane, kika ce, "Bari in yi shawara." Duk sanda na tuna miki, sai ki ce, "Gaggawar me kike, Yaya?" Shekara uku kenan.

Wallahi babu hoton da ya kama ki kamar wannan, kuma ina son duniya ta ga dariyar nan. Amma amsa ba ta zo ba, ɗalibanki kuma suna kallona. Zai zauna a wayata.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa abin da kika koyar ya zama sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Malam Badamasi da 'ya'yanki, Ummussalma da Abdulmuhaimin. Allah ya haɗa mu a Aljanna, in ji shawarar da kika yanke.