Shekarar da Na Riƙe Sungumi

Shekarar da cutar agana ta bi ƙauyenmu, can arewa da Kornaka wajen dajin Dakoro, ta bar mini maigidana da rai amma ta tafi da idanunsa. Ni na gode wa Allah. Shi kuwa ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. In na kai masa fura, sai ya kurɓa kaɗan ya ture ƙwaryar.

"Ban noma ba, da wane baki za ni sha?" in ji shi.

Ni ba a san ni da haƙuri ba, har maƙwabta sun shaida. Na yi faɗa, na yi lallashi, na koma bayan rumbu na yi kuka. Ƴaƴanmu mata ne, duk suna ɗakin aure. Ina kallo mutumin nan yana ramewa, na tabbata in aka ci gaba haka ba zai kai kaka ba.

Da bazara ta yi nisa, mutane suka fara binne, wato shuka hatsi a busasshen yashi tun ruwa bai sauka ba. Tun aurenmu shi ke gaba da sungumi yana sara, ni ina baya ina zuba iri ina rufewa da dunduniya. Wata safiya na tsaya a kansa.

"Malam, tashi mu tahi gona."

"Ke, ba'a kike mani?"

"Ni za ni sara, kai ka zuba. Ƙahwarka ai ba ta makance ba."

Ya lalubi takalmansa. Da muka isa ya cire su, ya yi bisimilla, ya nemi ramin farko da babban yatsan ƙafa. Ni kuwa na kama sara da sauri irin nawa, ban waiwaya ba sai da na kai tsakiyar gona. Can na hango shi a tsaye, ƙwaryar iri a hannu, yana shafa ƙasa da ƙafa bai sami kome ba. Zuciyata ta karye.

Na dawo na sake farawa. Na koyi in sara, in dakata har in ji ya rufe, sannan in ƙara taki. Ashe kunnensa na kan sungumin. "Wanga ya yi zurhi." "Kin karkace, koma dama." Raina ya ɓaci, amma na ji daɗi, don rabona da faɗansa tun kafin ciwon.

Da rana ta take na so mu ƙarasa, shi ya ce a'a. Muka yi taimama muka yi salla, muka zauna a inuwar aduwa. Ban taɓa zama a gona hannu sake ba, har ƙafata na ƙaiƙayi.

"In aka yi ɗan yayyahi irin ya tsira ya mutu hwa?" na ce.

"Mun sa shi ƙasa. Sauran ba aikinmu ba ne. Kishingiɗa."

Na kishingiɗa, barci ya ɗauke ni.

Ruwa ya yi jinkiri bayan mun gama. Kullum ina duban gabas, ina roƙon Allah kada gonar nan ta ba shi kunya, don har lokacin furar da nake kai masa rabi take dawowa. Sai ga shi an yi mamakon ruwa. Bayan ƴan kwanaki na ja shi zuwa gona. Ya durƙusa yana bin layi da tafin hannu, yana taɓa tsiron ɗaya bayan ɗaya. Layukan a karkace suke, laifina ne, amma babu ramin da ya tsallake.

Ya daɗe a durƙushe, hawaye na bin zanen aganar da ke kumatunsa. Muka koma gindin aduwa, na miƙa masa ƙwaryar fura. Ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga bayanta, ya goge baki ya miƙo mini.

"Uwargida, yau hurar taki ba ta da yawa. Babu saura?"