Harbin Verna na Faɗuwar Rana

A tafkinmu na Alaska, idan sanyi ya kankama, gida biyu ne kawai ke hayaƙi: na Verna Haugen a wannan gaɓa, na tsoho Delbert a waccan. Tun rasuwar mijinta suka yi alkawari. Rana na faɗuwa kowa zai yi harbi ɗaya sama, wanda bai ji na ɗan'uwansa ba ya tsallako ya duba. Ba wai shiri suke ba, gaisuwar kirki ma ba ta haɗa su.

Bindigarta libarba ce, ƙarama mai gidan harsashi da ke juyawa, ta ƙarfe mara nauyi, irin wadda muke ratayawa a ƙirji saboda beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai kai wa mutane hari. Ta sha ruwan sama, ta sha ƙarnin kifi, maganin sauro ya cinye fentinta har ta yi dabbare-dabbare. Curtis, direban jirgin saman da ke kawo mana wasiƙu, ya taɓa jujjuya ta ya ce, "Inna, wannan fa ta ratayawa ce, ba ta harbin kullum ba. Kin gama da ita."

"Kai dai miƙo min gahawata," in ji ta. "Uban wa ya tambaye ka?"

Verna akwai taurin kai, na rantse. Shekara da shekaru tana harbi, can sai ta ji na Delbert ya biyo kan ruwa, ta koma ciki ta ci abinci ita kaɗai.

Wata yamma ta ja kunama, bindigar ta tsage daga gindin bututu, ta ƙi juyawa. Delbert ya yi nasa harbin. Da farko tsoro ta ji, kada tsohon ya taho duba ta ya hau ƙanƙarar da ta rufe tafkin, wadda ta fara narkewa. Sai kuma ta tsinci kanta tana share ɗaki, ta toya gurasa, ta fito da kofi na biyu ta wanke.

Bai zo ba. Kullum da yamma yana harbinsa, ita tana tsaye bakin ruwa da mayafi. Gurasar ta bushe.

Da jirgi ya sauka ta tare Curtis. "Wancan tsohon banzan, lafiyarsa ƙalau?"

"Garau. Daga can nake."

"Bai ce komai a kaina ba?"

Curtis ya sosa ƙeya. "Inna, ai Baba Delbert ya daɗe da kurumcewa. Ko ƙarar jirgina ba ya ji, sai ya gan ni. Rana yake kallo ya harba. Ya roƙe ni kada in faɗa miki, wai za ki tsorata."

Ta daɗe tana kallon waccan gaɓa. Ni kam na tausaya mata ƙwarai.

"In kawo miki sabuwa?" in ji shi.

"Wa zan harba wa?" in ji ta. "Ka dai riƙa duba hayaƙina in za ka wuce."